Kayan kiɗa masu tsarkiya

Ran lahadi kasuwar Filinge ke ci. Mutanen Kurfai suna zuwa daga ƙauyukan Dallol Boso da bisashe da hatsi. Makaɗa ma ba a barin su baya: wani da goge, wani da gurumi.

Gurumi ba shi da wuyar yi. Ƙaramin duma ake yankewa, a rufe bakinsa da fata, a soka sanda, a ɗaura tsarkiya biyu ko ukku. Ƙarƙashin tsarkiya akwai ɗan icce da ake ce ma jaki. In an taɓa tsarkiya sai ta yi rawa. Jaki ya kai rawar ga fata, duma kuwa ya ƙara ma sautin ƙarfi. Idan makaɗi ya danne tsarkiya da yatsa, tsawonta ya ragu, sai muryarta ta yi sama. Haka abin yake har ga ukulele, mai tsarkiya huɗu, na tsibirin Hawai.

Kiɗan ba ya son ƙarfi. Wanda ya tashi daga ciwo yana iya koyonsa daga zaune. Haƙuri kawai yake so, don yatsu suna zafi kafin su saba.

Ƙaramin cikinsu shi ne kuntigi. Tsarkiyarsa ɗaya tak, cikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya. Amma da shi wani maraya ya yi suna. Adamu Wayya an haife shi a Bukuru, kusa da Jos, cikin Nijeriya, a 1946. Ubansa makaɗin sarki ne. Uban ya rasu, uwar ta bi shi, yaron bai ko yi wayo ba. Sarkin garin ya riƙe shi. Wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga kuntigi, ya koya, bai sake ajiye shi ba. Shi ne Ɗan Maraya Jos. Bai tsaya ga yabon manya ba, har karen mota ya yi ma waƙa. Ya rasu a 2015.

Kayan kiɗa ma suna zama marayu, idan mai kaɗa su ya mutu bai koya ma kowa ba. Saboda haka cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka buɗe a Yamai a 1989, ta tara kayan kiɗan ƙabilun Nijar wuri ɗaya. Sai dai abin kiɗa da aka rataye ba ya magana. A 2002 Malam Maman Barka, gwanin gurumi, ya tafi tabkin Cadi wajen wani tsoho, Bukar Tar. A lokacin shi kaɗai ya rage da ya iya biram, kiɗan masunta mai tsarkiya biyar. Malam Barka ya zauna ya koya. Tsohon ya ba shi nasa biram ɗin, ya komo da shi Yamai.