Daga Ina Kalmar "Exhibition" Ta Fito?

Idan aka jera zane-zane, kayan tarihi ko sabbin injuna domin jama'a su zo su kashe ƙwarƙwatar ido, Bature kan ce ana "exhibition". Mu baje koli muke cewa, sai dai namu ya fi karkata ga ciniki, nasu kuwa sau da yawa kallo ne zalla, ko tsinke ba a sayarwa.

Tushenta Latin ne: "ex", wato waje, da "habere", riƙewa. Ka riƙo abu ka miƙo shi fili ke nan. Ta Faransanci ta bi ta shiga Turanci.

Gagarumin bikin baje kolin Landan na 1851 ne ya ƙara wa kalmar suna. An yi shi a wani katafaren gini na gilashi da ƙarfe a Hyde Park, mutane kimanin miliyan 6 suka shiga kallo.

Ba ta tsaya nan ba. Wasan da babu kofi babu maki, sai nuna gwaninta, shi ma da ita ake kiransa. A jami'o'in Oxford da Cambridge kuwa, abin mamaki, wani ƙaramin tallafin karatu ake nufi da ita. Wanda ya tafka abin kunya a bainar jama'a, sai a ce ya mai da kansa "exhibition".