Motar Kara: Hannu Ya Iya, Saura Rula Da Lissafi

Idan a Tambuwal ka tashi, ko Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, ko can Kebbe da Kuchi, ba sai an yi maka bayanin motar kara ba. Da an gama yankan dawa, kara ya bushe, za ka ga yara a gindin bishiya da guntuwar reza, ana feƙe ɓawo ana soka shi cikin totuwa. Kafin la'asar an fito da a-kori-kura, har da kujerar direba. Wanda ya ɗan tasa kuma ya bar kara, ya koma gwangwanin madara da waya da langa-langa, ya yanka tsohon silifa ya yi taya.

Yanzu abin ya shigo waya. Ba a daɗewa sai ka ci karo da bidiyo a Facebook ko TikTok: wani yaro ya haɗa tifa da kwali, ya sa mata batir tana juye yashi da kanta, wani ya yi jirgin sama mai fitila. Sai ka ga sharhi na ta zuba, "Masha Allah", "Arewa akwai baiwa", "Gwamnati ta taimaka masa". Kwana uku an wuce wurin, wani rikicin 'yan fim ya ɗauke hankali. Yaron kuwa yana nan inda aka same shi, wataƙila ma a gida an ce ya daina tara musu shara.

To ni dai abin da nake so mu duba yau shi ne, me ya raba wannan yaron da mutanen da ake biya maƙudan kuɗi su ƙera ƙananan samfuran motoci da jirage? Hannu dai yana da shi. Haƙuri yana da shi. Abin da ba a ba shi ba shi ne awo.

Mene ne 1:24?

A ƙasashe da dama akwai manyan mutane, likitoci, malamai, tsofaffin sojoji, da ke kashe watanni a kan ƙera ƙaramin jirgin ruwa ko tankar yaƙi, don sha'awa kawai. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suna sayar musu da gutsattsarin roba a kwali, su haɗa, su goge, su yi fenti, har tsatsa da ƙura suke zanawa don abin ya yi kama da na gaske. Suna da ƙungiyoyi da gasa.

Dokarsu ta farko ita ce ma'aunin ƙanƙantawa. Idan ka ga an rubuta 1:24, ma'anarsa duk santimita 24 a jikin ainihin motar ya koma santimita 1 a jikin samfurin. Tsawo, faɗi, ƙofa, taya, madubi, duka da lamba ɗaya ake raba su. Motoci an fi yin su a 1:24, jiragen sama a 1:72, motocin soja a 1:35, manyan jiragen ruwa kuma a 1:350 ko 1:700.

Bari mu gwada. Bas mai tsawon mita 4.8, wato santimita 480, ka raba da 24, ka samu 20. Ke nan samfurinka santimita 20 ne, ba ƙari ba ragi. Boeing 747-400, irin wanda ya sha kwasar alhazai zuwa Saudiyya, tsawonsa ya ɗan haura mita 70, a 1:72 zai ba ka kusan mita ɗaya. Titanic, mai tsawon mita 269, a 1:350 bai kai santimita 80 ba.

Ka gane inda motar karanmu take samun matsala? Kai ya yi girma, taya ta yi ƙanƙanta, bodi ya yi tsawo yadda kara ya ga dama. Tana da kyau a ido, amma ba za ta gaya maka komai game da motar gaske ba. Da zarar awo ya shigo, abin wasa ya zama kayan aiki.

Manya ma da ƙarami suke farawa

A shekarar 1901, 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke ne, sun ga fukafukan da suka ƙera ba sa ɗagawa yadda lissafi ya ce. Sai suka haɗa akwatin katako mai fanka, suka riƙa gwada ƙananan fukafukai na ƙarfe, kusan iri 200, suna rubuta sakamako. Bayan shekara biyu, ranar 17 ga Disamba 1903, jirginsu ya tashi. Tun kafin su, wani injiniya ɗan Ingila, William Froude, ya gina doguwar kwatamin ruwa a farkon shekarun 1870 yana jan ƙananan jiragen ruwa a ciki, don ya san yadda babban zai yi kafin a kashe kuɗi a kansa. Har gobe masu ƙera jiragen ruwa suna wannan gwajin.

Motoci ma haka. Duk da kwamfuta, manyan kamfanoni har yanzu suna sassaƙa sabuwar mota da wani irin yumɓu, da farko ƙarama, daga baya a cikakken girmanta, a zagaya ta a duba yadda haske ke sauka a jikinta.

Akwai wani labari da ya kamata masu kuɗinmu su ji. Daga 1930 zuwa 1968, kamfanin General Motors ya riƙa shirya wa samarin Amurka gasar ƙera samfur, mai suna Fisher Body Craftsman's Guild. Da keken doki aka fara, daga baya aka koma motoci a ma'aunin 1:12. Kyautar ita ce kuɗin karatun jami'a. Wani matashi, Chuck Jordan, ya ci gasar a 1947, ya shiga kamfanin, kuma a 1986 ya zama shugaban sashen zanen motoci gaba ɗaya. Kamfanin ba sadaka yake yi ba, ma'aikatansa na gobe yake farauta tun suna yara.

Ɗan Dogon Daji a Detroit

Kar ka ce wannan sai Turawa. Jelani Aliyu, wanda asalin gidansu Dogon Daji ne a ƙaramar hukumar Tambuwal, an haife shi a Kaduna a 1966, ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Sakkwato, inda ya yi fice a darasin zanen fasaha. Ya karanta zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi, sannan a 1990 ya samu tallafin karatu na Jihar Sakkwato ya tafi College for Creative Studies a birnin Detroit. A 1994 General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ne ya jagoranci zanen surar Chevrolet Volt, motar lantarki da aka fara nuna wa duniya a bajekolin motoci na Detroit a Janairun 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya, ya riƙe ta har 2023. A zamaninsa ne, a 2021, aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Duba hanyar da ya bi: zanen fasaha, zanen gine-gine, zanen mota. Dukkansu darussan rula da fensir ne, inda ake tilasta maka ka mayar da babban abu ƙarami ba tare da ka yi masa ƙarya ba.

A wannan shekarar ta 2007 dai, wani labarin ya fito daga Kano. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, mai shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota da tarkacen wani jirgin sama. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya ruwaito cewa jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Namijin ƙoƙari ne, wallahi, ba mai raina shi. Sai dai tun daga lokacin mun saba da wani tunani: idan yaro bai ƙera abin da zai shiga ya zauna ba, kamar bai yi komai ba. Sai ka ga saurayi ya sayar da akuyarsa ya tara ƙarafa zai yi jirgi, babu zane, babu lissafin nauyi. Kuɗi su ƙare, abin ya ƙi tashi, unguwa ta yi masa dariya, ya watsar da fasahar gaba ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi. Ƙaramin samfur mai awo daidai, na kwali da gam, ya fi koya maka aiki, kuma idan ya lalace asararka ba ta wuce kuɗin kati ba.

Yadda za ka fara a wannan makon

Ba ka buƙatar kwalin Tamiya. Rula, tef ɗin awo irin na tela, fensir, reza, almakashi, gam da kwali sun isa.

Zaɓi abin da kake gani kullum: Keke Napep, babur ɗin ɗan kabu-kabu, bas, ko tirelolin da ke ratsa Tambuwal a hanyar Sakkwato zuwa Jega. Nemi izinin mai abin, ka auna tsawo, faɗi, tsayi, faɗin taya da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Abin da hannunka bai kai ba, ka ja da baya ka ɗauki hotonsa daga gefe sak, sai ka yi amfani da taya a matsayin ma'auni: tunda ka san faɗinta, ƙirga taya nawa ne tsawon bodin. Amma fa ka kiyaye, kar ka ɗauki hoton motar jami'an tsaro ko shingen bincike. A halin da yankinmu yake ciki, ba kowa zai tsaya ya ji bayanin samfur ba.

Ga wata dabara. Tunda taya ce mafi wuyar ƙerawa, bari ita ta zaɓa maka ma'auni. Murfin robar lemo faɗinsa kusan santimita 3 ne. Idan tayar bas ɗin da ka auna santimita 70 ce, murfin ya dace da 1:24. Idan kuwa tirela ce, mai tayar da ta ɗan haura mita ɗaya, wannan murfin dai zai kai ka 1:35, sai kwantena mai ƙafa 40, wato mita 12.2, ta zama kusan santimita 35. Ka ga lissafin da ake gudu a aji ya dawo da amfaninsa.

Kafin ka yanka komai, zana abin a takarda ta fuska uku: gefe, gaba da sama, ka rubuta awo a jiki. Wannan takardar ka adana ta, don wata rana ta fi samfurin daraja.

Ku kuma na bakin gulbi, ku gwada kwale-kwale. Ƙera shi da awo, saka shi a baho, zuba tsakuwa a ƙasansa ka ga yadda yake zama daram. Sannan ka tara tsakuwar nan a sama ko gefe guda, ka ɗan kaɗa ruwan. Abin da za ka gani shi ne abin da ke faruwa da damina idan aka yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, mutane suka miƙe tsaye a lokaci guda. Yaron da ya ga wannan a baho, da wuya ya girma ya yi wasa da rayukan fasinja.

Kuma akwai abin da mu kaɗai za mu iya yi. Da wuya ka samu kamfanin Japan ko Ingila da zai fitar da samfurin tsohuwar Marsandi 911 mai bodin katako, ɗauke da buhunan albasa, da zanen zaki da rubutun hikima a bayanta. Ko Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ta sha lodi har saman but. Ko amalanken shanu. Waɗannan abubuwa suna ɓacewa a hankali, wanda ya ƙera su da awo daidai tarihi ya ajiye mana.

'Yar'uwa, ke ma da ke ake. Wadda ta iya yanka atamfa da tef ta fitar da riga daidai jiki, ai ta riga ta san rabin aikin.

Saura kai mai waya

Idan ba ka da hannun ƙira, kana da data. Ran da ka sake haɗuwa da yaro yana jan tifar kwali, kar ka tsaya a bidiyon daƙiƙa talatin. Tambaye shi ko yana zuwa makaranta. Saya masa rula da tef da littafin zane, ba su kai kuɗin data na wata ba. Nuna masa bidiyon masu ƙera samfur a YouTube, ka fassara masa. Idan za ka ɗora shi a intanet, nemi yardar iyayensa tukuna, kuma ka koma bayan wata uku ka nuna mana abin da ya ƙara koya. Idan akwai ƙungiyar JETS ta matasan injiniyoyi a sakandaren garinku, haɗa shi da malamin da ke kula da ita. Idan ya kusa gamawa, gaya masa akwai sassan injiniya da zanen gine-gine a makarantu irin su Kwalejin Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, kuma lissafi da fiziks ne tikitin shiga.

Ƙungiyoyin ɗaliban Tambuwal da Kebbe kuma, da ke shirya gasar ƙwallo duk hutu, me zai hana a ware yini ɗaya bayan Sallah a yi gasar samfur? Sharaɗi biyu kawai: kowa ya zo da zanensa, kuma ya rubuta ma'aunin da ya yi amfani da shi. Alƙalai kuwa muna da su a gari, bakanike, kafinta, mai walda da malamin lissafi. Su zo da tef ɗinsu, a auna a gaban kowa.