Zakanya da 'Yan Matan Montenegro

A fada, in sarki ya fito, fadawa "Zaki!" suke cewa. A tatsuniya ma shi ne sarkin dawa, shi Gizo ke yi wa wayo, shi dila ke yi wa daɗin baki. Zakanya kuwa da wuya a ji sunanta, alhali mafi yawan naman da garke ke ci ita ta kayar da shi.

Garken zakuna gidan mata ne. Uwa da 'ya'yanta da 'yan uwanta suna zaune inda aka haife su, maza ne ke barin gida in sun tasa. Zakanya takan yi kusan kwana 110 da ciki, in ta haihu kuma ba ta hana ɗan 'yar uwarta nono. Ba ta da dogon gudu kamar barewa, nan da nan take gajiya, don haka dabara ce jarinta. Masu bincike a dajin Etosha na Namibiya sun lura cewa a wajen farauta wasu zakanyu kan zagaya ta gefe su koro dabba, wasu su laɓe a tsakiya, kuma kowace takan riƙe gurbin da ta saba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa.

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallon hannu zai gane wannan tsari: 'yan gefe na buɗe fili, na baya na jiran kafa su jefa. Shi ya sa nake ganin mutanen Montenegro sun dace da suka raɗa wa ƙungiyar matansu ta ƙwallon hannu suna Zakanyu. Ƙasa ce ƙarama, mutanenta sun ɗan haura dubu 600, sai a 2006 ta tsaya da ƙafarta.

A 2012, uwar garken ita ce Bojana Popović. Ta ci kofin zakarun Turai sau 6: uku da Slagelse, biyu da Viborg, duka a Denmak, sannan ta koma gida ta ci na ƙarshe da Budućnost ta Podgorica a 2012. Ba tsayi ko ƙarfin jifa kawai ya ɗaukaka ta ba, idonta ne, tana ganin kafa tun ba ta buɗe ba, ta miƙa wa 'yar uwarta ƙwallo. A wannan shekarar ta kai ƙasarta wasan ƙarshe na Olamfik a Landan. Norwe ta ci su 26 da 23, amma azurfar nan ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar.

Daga nan ta ajiye wasa. Aka ɗauka garke zai watse, to amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Disamban 2012 'yan matan da suka tashi a hannunta suka sake haɗuwa da Norwe a Belgired, aka yi ƙarin lokaci har sau biyu, suka ɗauki kofin Turai da ci 34 da 31.