A Daina Ɗura Wa Akuya Kafso

Daga Bagudo zuwa Kaoje, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turken awaki ba. Yawancinsu na mata ne, su ne asusunsu na biki da suna da ranar rashin lafiya. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga yadda ake kashe wannan dukiya da sunan magani. Da zarar akuya ta fara zawo, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya, a fasa shi a ruwa, a danne ta a ɗura mata. Idan ta tashi, a ce kafso ya yi aiki. Idan ta mutu, a ce kwananta ne ya ƙare. Ko ta yaya, kafso ba ya laifi!

Cikin akuya ba irin na mutum ba ne. Ɗaki huɗu gare shi, mafi girma shi ne tumbi. A cikin tumbin akwai ƙananan halittu masu rai, miliyoyi a kan miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke narkar da harawa da ganye da karan shinkafa, akuya kuma ta rayu da abin da suka fitar. Tuƙar da take yi tana kwance, taimaka musu take yi. To, aikin kafson nan shi ne kashe ƙwayoyin bakteriya, kuma ba ya bambance na cuta da na amfani. Duk wadda ta ɗura shi ta bakin babbar akuya, ta aika guba ne ga ma'aikatan tumbi. Sai a ga akuya ta daina tuƙa, ta ƙi abinci, zawon ya ƙaru, a kuma ƙara mata wani kafson.

Za a ce, ai mun sha bayarwa ta warke. Gaskiya ne, wasu na tashi. Akuyar da ta ɓalle ta ci tuwon jiya ko ta afka wa buhun dusa, ko wadda ta cika ciki da sabuwar ciyawar farkon damina, zawonta kan tsaya da kansa idan aka mayar da ita kan busasshen abinci. Da kafso da babu, tashi za ta yi. Amma akwai zawon da kafso ɗari ba zai taɓa ba, wato na cutar da likitocin dabbobi ke kira PPR. Alamunta sanannu ne ga duk mai kiwo: zazzaɓi, kwantsa a ido, majina ta toshe hanci, gyambo a baki, tari, sannan zawo mai wari. Bairas ke kawo ta, shi kuwa bairas bai san kafso ba. A ƙasar Kwaddibuwa aka fara bayyana ta a 1942, kuma idan ta shiga garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, tana iya kwashe kashi 90 cikin 100. Ba ta kama mutum. Likita na iya yin allurar kashe bakteriya don tare ciwon huhu da ke biyo baya, amma wannan a ma'auni ne, gwargwadon nauyin dabba, ba kintace ba.

Abin takaicin shi ne cutar tana da riga-kafi, a nan Najeriya ma ake yin sa, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Allura ɗaya na kare akuya aƙalla shekara 3. Hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son kawar da cutar, kamar yadda aka kawar da 'yar uwarta bushiya, mai kashe shanu, aka bayyana hakan a 2011. Amma ana jin masu riga-kafi sun shigo gari, sai wasu su ɓoye awaki a ɗaka. Haba jama'a! Kin yarda da ɗan tallan magani da ba ya iya karanta kwalin da ke hannunsa, kin ƙi yarda da wanda ya yi karatun abin?

Mu mazauna bakin iyaka lamarin ya fi shafa. Dabbobi na ƙetarawa tsakaninmu da Segbana da Malanville a Jamhuriyar Benin, ta mota, ta kwalekwale, ta hanyar daji, cuta kuma ba ta tsayawa a shingen kwastan. Akuyar da ta ɗauki PPR kan yi kwana 4 zuwa 6 garau kafin alama ta fito, a tsakanin nan sai a saye ta a kasuwa a kawo gida. Saboda haka duk sabuwar akuya, ko ta sayayya ce ko ta gudummawar biki, a kafa mata turke nesa da sauran, da kwanon ruwanta daban, har mako 3. Wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, ita ma haka. Na san za a ce gida ya yi ƙanƙanta. To ko bayan rumbu ne, a nema mata wuri.

Sai tsutsar ciki, wadda fadamun Kogin Kwara ke renonta. Akwai wata siririya da ke manne a ɗaki na huɗu na cikin akuya tana shan jini, guda 1,000 na iya zuƙe mililita 50 a yini. Ita ba lallai ta sa zawo ba, rama da kasala take kawowa, wani lokaci da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Gane ta ba wuya: ja fatar idon akuya ta ƙasa a cikin haske. Idan ja ce, jini na nan. Idan ta yi fari fat, a nemi malamin dabbobi ranar nan, ya ba da maganin tsutsa daidai nauyinta, don rabin ma'auni koya wa tsutsa jure magani yake yi. A rage sakin awaki cikin raɓar safiya da damina, a kuma rataye musu harawa maimakon zubewa a ƙasa cikin kashinsu. Ciwon hanta da dodon koɗi ke yaɗawa a bakin ruwa shi ma yana nan, haka ledar da yunwa ke sa su haɗiya ta cunkushe tumbi.

Idan zawo ya zo, a ware akuyar, a janye dusa da ragowar tuwo, a bar mata harawa da ruwa mai tsabta, a sa ɗan gishiri da sukari a ruwan saboda bushewar jiki ce ke saurin kashe ƙanana. Idan akwai majina ko gyambon baki, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a kuma faɗa wa maƙwabta su ɗaure nasu. Wadda aka yi wa allura, a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a yanka ta ko a sha nononta. Masu garzayawa da akuya mai majina kasuwa da asuba, su sayar kafin ta faɗi, su sani awakin mutane goma za ta shaƙa wa numfashi kafin azahar, kuma hakkin masu awakin na wuyansu.