Fitilar da ke magana da ƙarfin haskenta

Wanda ya saba hawa jirgi tsakanin Kano, Abuja da Legas, da wuya a ce bai taɓa zama cikin Boeing 737 ba. In ka ci sa'a ƙofar ɗakin matuƙa na buɗe lokacin shiga, ɗaga kai ka dubi allon da ke saman kawunansu. A gefen hagu akwai sashen mai, kuma a cikinsa akwai wasu 'yan fitilu shuɗaye da ba su fi kan babban yatsa ba. Mu a gida fitila hali biyu gare ta, ko a kunne ko a kashe. In ta yi dishi-dishi sai mu ce wuta ce ta zo ba ƙarfi. Waɗannan kuwa hali uku gare su, kuma dishi-dishin nan da gangan aka yi shi.

Man jirgin yana cikin tankuna uku: ɗaya a kowane fiffike, ɗaya a tsakiya. A samfurin 737-800 da 'yan uwansa, kafin mai ya isa kowane inji sai ya ratsa bawul biyu. Na farko yana jikin ƙashin fiffike, ɗan injin lantarki ne ke juya shi, kuma wutarsa daga batir take zuwa kai tsaye, don ko lantarkin jirgi ya ɗauke a iya rufe shi. Na biyu yana cikin injin. An yi su biyu ne saboda gobara: in inji ya kama wuta, matuƙi ya ja hannun kashe gobara, duka biyun za su rufe, a datse man tun daga fiffike kafin ya kusanci wutar.

To, matuƙi ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Shi dai ya ɗaga libar mai ko ya sauke ta, tamkar wanda ya aiki yaro kasuwa. Aike daban, isar da saƙo daban. Aikin fitilar shi ne ta gwada abin da aka umarta da abin da bawul ɗin ya aikata. A jikin bawul akwai ƙananan makunnai da ke gane inda ya tsaya. Idan a rufe yake kamar yadda aka ce, sai a rage ƙarfin wutar da ke zuwa ƙwan, fitila ta yi dishi-dishi. Idan a buɗe yake, sai ta mutu. Idan kuwa yana kan hanya, ko ya ƙi bin umarni, sai ta haske tar.

Lokacin tada inji ake ganin wannan ƙarara. Jirgi na tsaye, fitilun na dishi-dishi. Da juyawar cikin injin ta kai wajen kashi 25 cikin ɗari, matuƙi ya ɗaga libar mai: fitila ta yi tar na ɗan lokaci, sannan ta mutu. Wannan walƙiyar ita ce shaidar bawul ya motsa. In ta yi tar ta tsaya a haka, akwai magana.

Bayan fitilun waɗannan bawul na injunan biyu, akwai ta biyar, wadda ke kula da bawul ɗin da ke haɗa bututun man hagu da na dama. Ita a juye take aiki, domin shi wannan bawul a rufe yake zama: in ta mutu a rufe yake, in ta yi dishi-dishi a buɗe yake. Ana buɗe shi ne idan fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi; a wannan samfurin, bambancin da ya haura kilo 453 shi ke sa gargaɗi ya fito. Ka lura da hikimar: a kowane hali, in jirgi na tafiya lafiya a sama, fitilun duk a mace suke. Ido ya fi saurin kama fitila ɗaya da ta kunnu cikin duhu fiye da guda da ta mutu cikin ɗari. Launi ma da ma'anarsa. Ja na nufin a tashi tsaye yanzu, ruwan ɗorawa na nufin a lura, shuɗi kuwa labari kawai yake bayarwa.

Sai dai tsarin yana da rami. Fitilar da ta mutu don bawul na buɗe, da wadda ta mutu don ƙwanta ya ƙone, kamanninsu ɗaya. Shi ya sa a gaban kyaftin akwai makunni mai matsayi uku: gwaji, haske sosai, da rage haske. Kafin tashi ana tura shi kan gwaji, fitilu su kama gaba ɗaya, a bi su da ido a nemo wadda ta yi shiru. Kada ka raina ƙwan fitila. A ranar 29 ga Disamba 1972, jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 ya faɗa fadamar Everglades kusa da Miami a Amurka, mutum 101 suka rasu. Ƙwan fitilar tayar gaba ne ya ƙone, matuƙa suka duƙufa a kansa, ba su ankara jirgi na gangarowa ba. Tayar kuwa lafiyarta ƙalau.

Shi rage hasken da wannan makunni ke yi ba saƙo ba ne, don ido aka yi shi. Idon mutum kan ɗauki kusan rabin awa kafin ya saba da duhu sosai, kuma haske mai ƙarfi na ɓata wannan sabon nan take, ga matuƙi na bukatar hango fitilun titin sauka. Da rana kuma akasin haka: wanda ya manta ya bar shi a rage, hasken rana na iya haɗiye masa gargaɗi.

Abin da fitila ba ta iya faɗa shi ne ko umarnin da kansa daidai ne. A Agustan 2001, wani Airbus A330 na Air Transat ya taso daga Toronto zuwa Lisbon. A tsakiyar Tekun Atlantika bututun mai na injin dama ya tsage. Matuƙa suka ga fiffiken dama ya yi sauƙi, suka buɗe bawul ɗin da ke haɗa ɓangarorin biyu don daidaita nauyi. Bawul ya buɗe yadda aka ce masa, man hagu ya bi ta tsagar ya tsiyaye. Injuna biyu suka mutu, Kyaftin Robert Piché ya lallaɓa da jirgin ba inji har filin Lajes a tsibiran Azores, da mutum 306 a ciki, kuma duk suka sauka da ransu.