Adireshin intanet ɗin da mai shi ya yi barci: wa ke gadinsa?

Duk sanda ka tura kuɗi ta waya daga Yelwa, ko mai POS a kasuwar Yauri ya cire maka kuɗin kifi, saƙon sai ya ratsa cibiyoyin sadarwa da dama kafin ya isa banki. Kowace cibiya tana da lambarta da ake kira ASN, da kuma jerin adireshin IP da aka yi mata rajista. Ta Google, alal misali, 15169 ce. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke tsibirin Mauritius ce ke riƙe da kundin wannan rajista.

To ta yaya saƙo yake gane hanya? Ta wani tsari mai suna BGP, wanda ya yi kama da aikin ɗan kamasho a tasha. Kowace cibiya tana shelar cewa adireshi kaza a hannunta yake, a biyo ta nan, maƙwabta kuma su yarda. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskuren shelar hanyoyin Google, har saƙonnin jama'a suka karkata ta Sin da Rasha na fiye da awa ɗaya. Wannan fa sanannen kamfani ne, shi ya sa aka gano da wuri aka gyara.

Yanzu ka ɗauka wani ƙaramin kamfani ne da ya yi rajista tun tuni, ya durƙushe, masu shi suka watse. Adireshinsa suna nan a kundi, tamkar filin da mai shi ya rasu kuma magada ba su san da shi ba. Ɓarawo sai ya sayi tsohon sunan shafin kamfanin, ya buɗe imel da sunansa, ya rubuta takardar bogi, ya fara shela. Ba mai cewa uffan, don ba mai kallo.

Me zai samu? Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma sun kusa ƙarewa, don haka suna da tsada. Sannan adireshin da ya daɗe shiru ba shi da baƙin suna, saƙon damfarar da aka aiko ta kansa yakan wuce matata ya faɗo wayarka. A 2019 aka bankaɗo cewa an karkatar da adireshi sama da miliyan 4 daga kundin AFRINIC, da yawansu na tsofaffin kamfanonin Afirka ta Kudu ne, aka kuma zargi wani babban ma'aikacin hukumar da hannu a ciki.

Shi ya sa masu bincike ke sa ido kan alamu uku: lambar da ta shekara da shekaru shiru ta farka dare ɗaya, bayanan mai rajista su canja ba zato, ko a ga adireshin Afirka ana shelarsa daga wata nahiya. Shafin RIPEstat yana nuna wannan tarihin kyauta, ko da wayarka za ka iya dubawa. Akwai kuma RPKI, wani sa hannun lantarki da ke tabbatar da wanda ke da ikon shelar adireshi.

Idan kana aiki a jami'a, banki ko kamfanin da ya taɓa karɓar adireshi, ka tambayi sashen kwamfuta: imel ɗin wa ke kan rajistarmu, kuma yana nan har yanzu?