Wace Makaranta Za Mu Zaɓa Wa 'Yarmu?

Yau maganarmu a kan yarinyar nan ce da ta gama sakandare, sakamako ya fito, maigida ya shigo ya ce, "To ke me kika gani?" Sau da yawa sai mu ce duk inda aka samu. A'a, 'yar uwa. Ke kika san 'yarki, ya kamata ki san makarantun ma, ko da ba ki taɓa taka ƙofarsu ba.

Mu fara da babbar yaya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Tana da faɗi ƙwarai. A Samaru ake karatun kimiyya da injiniya da aikin gona da likitan dabbobi, a Kongo ake karatun lauya da harkar mulki, asibitin koyarwarta kuma yana Shika. Kusan duk abin da yarinya ke so za ta samu. Sai dai masu nema daga ko'ina suke zuwa, don haka gurbi yana wuya, kuma in ba a Zariya kuke ba, dole ta kwana a can.

Jami'ar Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. An san ta da Larabci da addinin Musulunci da Hausa da aikin jarida, likitocinta kuma a Asibitin Malam Aminu Kano suke samun horo. Ga Bakanuwa, babbar ribarta ita ce yarinya ta tafi da safe ta dawo gida da yamma. Amma ki lissafa kuɗin mota, don sabuwar jami'ar tana can hanyar Gwarzo, kuma kullum ne.

A Sakkwato akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun 1975, ita ma da asibitin koyarwa nata da sashen likitan dabbobi. Katsina kuwa na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta gwamnatin jiha, da Al-Ƙalam, wadda ba ta gwamnati ba ce, an kafa ta a 2005 bisa tsarin Musulunci. Irin wannan kuɗinta ya fi yawa, amma yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati ba ya tsayar da ita. Ku tuna a 2022 ɗalibai sun yi wata 8 a gida.

To wadda maigida ya ce shi fa ba ya son cakuɗa da maza? Kada a ce shi ke nan karatu ya ƙare. A Gusau akwai kwalejin ilimi ta gwamnatin tarayya wadda mata zalla take ɗauka. Shekara 3 ake yi a samu NCE, takardar da ake koyarwa da ita a firamare da ƙaramar sakandare. Mai ita in ta yi kyau tana iya shiga jami'a daga aji 2.

Ke kanki uwargida, ba a bar ki a baya ba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, duk an tsara su ne don wanda ba zai iya zaman aji kullum ba. Yawancin karatun a ɗakinki za ki yi, sai rajista da jarrabawa ki nemi izini ki je cibiya mafi kusa.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Ba suna ake bi ba. Ki fara da tambayar me take son karanta, sannan sakamakonta ya kai? Ana neman kiredit 5 har da Turanci, masu kimiyya kuma Lissafi dole ne. Sai ki tambayi shekaru. Yawancin digiri shekara 4 ne, lauya 5, likita 6. Yarinya mai shekara 18 da ta shiga likita, da wuya ta gama ba a zo neman aurenta ba. Saboda haka tun ranar da manema suka fara zuwa, a faɗa musu tana karatu kuma za ta ƙarasa, iyaye maza su ji da kunnensu. Mun sha ganin wadda ta kai aji 3 aka kai ta wani gari, karatun ya tsaya nan. Shi ya sa makarantar da ke kusa da inda za ta zauna ta kan fi wadda ta yi suna a nesa.

Kuma kusancin yana da wani amfani. Jami'o'in tarayya suna ware kashi 45 cikin 100 na gurabe ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankinsu, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ashe in ta zaɓi ta yankinku tun wajen cike fom ɗin JAMB, ta ƙara wa kanta dama.

Dukkanmu in mun je awo ko haihuwa, fatanmu mu tarar da likita mace. To daga gidajenmu za ta fito. Ki zauna da 'yarki a daren nan ki ji ta bakinta, sannan ki kai wa maigida magana da hujja a hannu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su amfane mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.